Kasuwa da Zamani: Mai masaukin da shi ma baƙo ne

A ƴan shekarun nan da wuya a ga katin wani babban ɗan kasuwa na Maraɗi ko Damagaram, ko takardar wani kamfani na Yamai, ba tare da an ga adireshin intanet a ƙarƙashin lambar tarho ba. Masu fitar da aya da riɗi da albasa zuwa ƙetare, masu ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Lome, masu lakwal na kuɗɗi, ƙungiyoyin raya karkara, kai har da wasu mairi, kowa yana son a ce yana da shafinsa. Dalilin kuwa a fili yake. Abokin ciniki na Turkiyya ko Indiya, kafin ya saki ko tamma ɗaya, sai ya nemi sunan kamfani a intanet ya ga ko akwai shi. Masu bada tallafi na Turai kuma sun fi sakin jiki da wasiƙar da ta fito daga adireshi mai ɗauke da sunan ƙungiya, bisa wadda ta fito daga akwatin kyauta irin na Gmail ko Yahoo, wanda kowa ke iya buɗewa cikin minti biyar.

To amma shafi ba a iska yake zaune ba. Yana kwance ne cikin wata babbar kwamfuta wadda ba a kashe ta dare da rana, a wani ɗaki mai sanyi, kuma wani ne ke da ita. Wanda ke bada hayar wuri a cikinta shi ne mai masauki, abin da ake rubutawa hébergement a takardar biyan kuɗɗi. Ban da wurin akwai suna, wato adireshin da mutane ke rubutawa su iso shafin, wanda takardar ke kira nom de domaine. Abu biyu ne dabam, kowane da hayarsa, kowane da ranar ƙarewarsa, kuma ana iya karɓar su a wurare biyu. Sai dai galibin masu shafi a dunƙule suka biya su, hannun mutum ɗaya, ba su ma san abu biyu suka saya ba. Daga nan yawancin wahalar ke tasowa.

Mutumin da ake biya ɗin, sau da yawa, saurayi ne da ya gama karatun kwamfuta a Yamai ko Dakar ko Kano, ya haɗa kai da abokinsa guda ko biyu, suka kama ɗaki, suka buga tambari, suka ce sun buɗe kamfani. Bai kamata a raina su ba. Da yawansu sun san aikinsu, kuma suna da abin da manyan kamfanonin Turai ba su da shi: suna zuwa kanti da ƙafarsu, suna bayani da Hausa ko Zabarmanci, suna karɓar kuɗɗi hannu da hannu ko ta Nita da Amana, alhali kamfanin Faransa ba ya sauraron wanda ba shi da katin banki. Ga kuma sauƙin farashi. Ɗan kasuwar da aka yi wa tayin rabin kuɗɗi, kuma mai tayin ɗan unguwarsu ne, ba ya yin dogon tunani.

Kalmar masauki ba baƙuwa ba ce ga jikokin fatake. A zamanin da ayari ke tashi daga Katsina da Kano zuwa Gwanja neman goro, falke kan sauka gidan mai masauki a zangon Salaga, ya ajiye kayansa, ya bar masa kuɗɗi, wani lokaci ya yi wata da watanni bai waiwayo ba. Babu takarda tsakaninsu. Abin da ya kwantar da hankalin falke shi ne ya ga gidan da idonsa, ya san na mutumin ne, ya san matansa da ɗiyansa suna ciki, ya san akwai sarkin zango da za a kai wa ƙara, ya kuma san ranar da mai masauki ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai riga ayari isa gida. Har gobe a kan wannan tushe masu albasar Galmi ke hulɗa da masu masaukinsu a Akara da Abijan.

Mai masaukin intanet na sabon kamfani kuwa, galibi ba shi da gidan. Shi ma baƙo ne. Ya kama haya ne wurin wani babban kamfani, irin OVH na Faransa ko Hetzner na Jamus ko wani na Amurka, ya karɓi yanki guda na kwamfutarsu, ya yanyanka shi ƙananan ɗakuna, ya raba wa mutum hamsin ko ɗari. Wani lokaci wanda ya ba shi hayar shi ma ɗan haya ne, sai a iske hawa uku tsakanin mai shafi da mai na'ura. Wannan sana'a ce sananniya a duniya duka, kuma babu zamba a cikinta, kamar yadda ɗan tebur ke sarin buhun sukari ya sayar a ƙulle-ƙulle. Amma tana da sakamakon da ya kamata mai biya ya sani. Yarjejeniyar da ke tsakanin babban kamfanin da saurayin, da sunan saurayin take. In ya yi jinkirin biya, na'urar kamfanin, wadda ba ta san uzuri ba, ba ta san rasuwa ko rashin lafiya ba, za ta rufe yankin gaba ɗaya, bayan ƴan kwanaki ko makonni kuma ta share abin da ke ciki. Alhajin da ya biya shekararsa cif, yana riƙe da takardar shaida, in ya rubuta wa kamfanin Faransa za a amsa masa cikin ladabi cewa ba a san shi ba, kuma gaskiya aka faɗa masa.

Me ke sa saurayi ya kasa biya, alhali ya karɓi kuɗɗin mutane? Ba lalle sai da mugun nufi ba. Lissafin sana'ar ne ke da rami a tsakiya. Yana karɓa shekara-shekara, yana biya wata-wata. Kuɗɗin da ya shigo a Janairu, kafin damina ya tafi wajen hayar ɗaki da man babur da bukatun gida. Daga nan sai kuɗɗin sabon abokin ciniki ya riƙa biyan hayar tsohon. Muddin sababbi na shigowa, komai lafiya lau, babu wanda zai gane. Ranar da suka tsaya, duka ɗakunan tare suke rufewa. Bugu da ƙari, tsadar da ke kansa ba shi ke yanke ta ba. A 2019 kamfanin cPanel, mai manhajar da ɗimbin masu masauki ke amfani da ita wajen raba ɗakunan, ya sauya tsarin farashinsa, ya koma karɓar kuɗɗi bisa yawan ɗakuna maimakon bisa na'ura, abin da ya fi buga waɗanda suka cunkusa ɗaruruwan mutane cikin na'ura ɗaya a kan araha. Kamfanin Verisign, mai riƙe da rajistar duk sunan da ya ƙare da .com, ya yi ta ƙara kuɗɗi kowace shekara daga 2021, har farashin sari ya kai dalar Amurka 10 da santi 26 a Satumba 2024, wato wajen jikka shida. Duk wanda ya haɗa suna da masauki da ginin shafi ya yi tayinsu a kuɗɗin da bai ɗara wannan da yawa ba, to akwai inda zai rama, ko kuwa akwai inda zai faɗi.

Waɗanda suka ga Janairun 1994, lokacin da aka wayi gari faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, sun san abin da ke samun mai saye da kuɗɗin waje yana sayarwa da na gida. Sefa ɗaure take da yuro, kusan 656 kowane guda, don haka mai haya a Faransa ko Jamus yana da ɗan sauƙi ta wannan fuska. Amma ɗan kasuwar Maraɗi ko Ƙonni da ya ba wani ƙaramin kamfani na Kano ko Legas aikin, saboda kusanci da sabo, ya shiga wani lissafi dabam, domin naira ta faɗi daga wajen 460 a dalar Amurka ɗaya a tsakiyar 2023 zuwa fiye da 1500 a Fabrairun 2024. Wanda ya karɓi hayar shekara da naira kafin faɗuwar, yana kuma biyan wata-wata da dalar Amurka bayanta, ko waliyyi ne sai ya girgiza. A gida ma, takunkumin da CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda ba a ɗage ba sai 24 ga Fabrairu 2024, ya sa bankuna sun taƙaita fitar da kuɗɗi. Babban kamfani yana da ajiya a bankuna da dama da ƙasashe da dama. Ƙaramin, kati ɗaya gare shi a banki ɗaya.

Akwai kuma waɗanda tun farko ba da niyyar zama suka buɗe ba. A Disamba 2019, kamfanoni ashirin masu bada masauki mai araha, waɗanda ke da sunaye dabam-dabam, suka aika wa abokan cinikinsu wasiƙa kusan iri ɗaya ranar Asabar, cewa ranar Litinin 9 ga wata za su rufe. Kwana biyu ke nan aka ba mutum ya kwashe kayansa. Abin ya zo ne ƴan kwanaki bayan lokacin rangwamen ƙarshen Nuwamba, wanda a cikinsa mutane kan biya shekara guda gaba don ganin araha. Wanda ya duba akwatin wasiƙunsa ranar Talata, ya iske gida babu ƙofa babu ɗaki.

Sai dai asarar masauki, duk zafinta, tana da magani: a nemi wani, a sake gini. Asarar suna ita ce mai wuyar warkewa, kuma ita ce aka fi sakaci da ita. Suna a intanet ba a saye shi har abada, hayarsa ake yi shekara-shekara, kuma a rajista akwai gurbin da ake rubuta mai shi. Abin da ke faruwa yau da gobe shi ne saurayin, don sauƙin aiki, sai ya rubuta sunansa da adireshin imel ɗinsa a wannan gurbi. Alhaji ya biya, sunan kamfaninsa ne mutane ke gani, an buga shi a kati da jikin mota da buhunan kaya, amma a idon masu rajista saurayin ne mai shi. Daidai yake da mutum ya gina kanti a fili, takardar filin kuwa da sunan magini. Muddin ana shiri, babu wanda zai tada maganar. Ranar da aka saɓa kan kuɗɗi, ko alhaji ya so komawa wani wuri, sai ya iske ba shi da ikon ɗaukar sunansa sai da yardar wanda yake son rabuwa da shi.

Ko ba a saɓa ba, mantuwa kaɗai ta isa. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998 a Amurka don tsara sha'anin sunaye irin su .com da .org, ta wajabta wa masu rajista su aika tunatarwa sau biyu kafin suna ya ƙare, ɗaya saura kamar wata guda, ɗaya saura kamar mako guda. To, wa ake aika wa? Wanda adireshinsa ke cikin rajista. In saurayin ya samu aiki a wata ƙungiya a Difa, ko ya tafi ƙaro karatu Maroko, wasiƙun suna can suna taruwa a akwatin da ba ya buɗewa. Bayan ranar ƙarewa akwai ɗan wa'adi na sabuntawa, sannan wasu kwana 30 na fansa da kuɗɗi mai tsada, sannan kwana 5, daga nan sunan ya koma kasuwa, wanda ya riga shi ne mai shi. Kuma akwai mutanen da sana'arsu ke nan, jiran sunayen da suka faɗi su tsince, ko su cika su da tallar caca, ko su nemi mai shi na asali ya fanshe su da ninkin-ba-ninkin kuɗɗi.

Abin da ya fi wannan muni, wasiƙu suna bin suna ne. Wanda ya mallaki sunan yana iya karɓar duk saƙon da aka aiko wa adireshin kamfanin daga ranar, yana kuma iya rubuta wasiƙa da shi. A ɗauki misalin mai fitar da riɗi da ya shekara biyar yana hulɗa da wani mai saye a ƙetare ta wannan adireshi. In wasiƙa ta iso wa mai sayen daga adireshin da ya saba da shi, tana cewa an canza banki, a tura kuɗɗin kaya ga wannan sabuwar lamba, me zai sa ya yi shakka? Ba a fasa ƙofa ba, ba a saci kalmar sirri ba. An dai bar suna ya faɗi, wani ya ɗauka.

Wanda yake ganin kamfani mai lasisi ba ya yin haka, ya tuna RegisterFly. Kamfani ne na Amurka mai izinin ICANN, yana riƙe da sunaye wajen miliyon biyu. Rigima ta ɓarke tsakanin masu shi, aka bar aiki aka koma kotu, mutane suna biya ba a sabunta musu, sunayensu suna faɗuwa suna kallo. A 2007 ICANN ta soke izininsa, kamfanin GoDaddy ya karɓi sunaye fiye da dubu 850. Bayan wannan abin kunya ne aka tilasta wa masu rajista su riƙa ajiye kwafin bayanan masu suna a hannun wani na uku. Amma wannan kariya wanda aka rubuta a rajista take karewa. Wanda sunansa ba ya ciki, ba ta san da shi ba.

Sai maganar abin da ke cikin ɗakin. Shafi a yau ya wuce hoton kanti da lambar tarho. Akwai wasiƙun shekaru da takardun farashi, akwai jerin abokan ciniki, a lakwal akwai sakamakon jarrabawar yara, a asibiti akwai sunayen marasa lafiya. Kowane mai masauki zai ce yana ajiye kwafi. Tambayar da ba a yi masa ita ce: a ina? A Yunin 2014 wani ƙaramin kamfani mai suna Code Spaces, wanda ke ajiye ayyukan masu rubuta manhaja kuma yana haya wurin Amazon, ya wayi gari wani ɗan kutse ya shiga wurin da ake sarrafa komai, ya nemi kuɗɗi. Da masu kamfanin suka yi ƙoƙarin korarsa, sai ya share kayan mutane da kwafin duka, domin mabuɗi ɗaya ke buɗe su. Cikin kusan awa 12 aikin shekaru ya tafi, kamfanin ya sanar da rufewa. A Yunin 2017 kamfanin Nayana na Koriya ta Kudu ya ga an kulle masa na'urori 153 masu ɗauke da shafukan kamfanoni wajen 3400, sai da ya yarda ya biya fansar kusan dalar Amurka miliyon ɗaya. A Agustan 2023 kuma CloudNordic na ƙasar Danmak, yana cikin ƙaura da na'urorinsa daga wani gini zuwa wani, ya haɗa waɗanda cuta ta riga ta kama da sauran, ƴan kutse suka kulle komai har da kwafi na farko da na biyu. Kamfanin ya ce ba zai biya fansa ba, ya kuma faɗa wa yawancin abokan cinikinsa cewa kayansu sun tafi ke nan. Wannan fa a Danmak ne, inda kuran ba ya ɗaukewa kuma injiniyoyi sun yi yawa.

Tsaron na'ura aiki ne na kullum: a toshe ɓarakar da aka gano a manhaja, a duba wa ya shiga da dare, a gwada kwafi a ga ko yana buɗewa. Mutum ɗaya da ke neman kasuwa da safe, yana gina shafi da rana, yana bin bashi da marece, ba zai iya tsaron dare ba. Kuma tunda ɗaruruwan shafuka ne cikin na'ura ɗaya, in tsarin raba ɗakunan bai yi ƙwari ba, ɓarakar maƙwabci ta isa ta shigo da ɓarawo ɗakin wanda ya kulle nasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon kuwa a nan na tarayya ne. Akwai kuma abin da ba a son faɗi amma dole a faɗa: mutum ɗaya yana iya kwantawa ciwo, yana iya mutuwa. Mai kanti in ya rasu, magada sun ga kaya sun ga littafin bashi. Mai masaukin intanet in ya rasu da kalmomin sirri a kansa, iyalinsa ba su ma san akwai amanar mutum ɗari a hannunsa ba, balle su san hanyar mayar da ita.

Adalci ya wajabta a ce manyan ma suna ƙonewa. Daren 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar OVH da ke Sitarasbur, ta cinye gini ɗaya ƙurmus daga cikin huɗu, ta taɓa na kusa da shi. Kamfanin bincike na Netcraft ya ƙiyasta shafuka wajen miliyon 3 da dubu 600 suka ɗauke, har da na wasu hukumomin gwamnati a Turai da Afirka. Wasu da suka biya kuɗɗi na musamman don a riƙa ajiye musu kwafi, sai bayan gobarar suka gane kwafin a gini ɗaya yake da asalin, magana har ta kai kotun kasuwanci ta Lil. Bambancin shi ne OVH yana da wasu cibiyoyi, yana da kuɗɗin sake gini, yana da adireshin da za a kai masa sammaci, kuma washegari yana nan. Amma mai shafin da ke ƙarƙashin wani saurayi mai haya a wannan gini, ko ƙarar ba shi da hurumin shigarwa da kansa.

Wasu sababbin kamfanoni, don guje wa wannan duka, sukan sayi na'urarsu su girke ta a Yamai, kuma niyyar abar yabo ce, domin ƙasa ba ta ci gaba da bayananta duka a hannun waje. Sai dai wanda zai ba su amana ya je ya ga ɗakin. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa, kuma kowa ya tuna abin da ya faru da aka katse shi a farkon Agustan shekarar. Na'urar da ba a son ta tsaya tana bukatar injin wuta da gazuwal da batura, tana bukatar sanyi a Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke wuce digiri 40, tana bukatar kariya daga ƙurar hunturu, tana kuma bukatar layin intanet biyu daga kamfanoni biyu. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin teku huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kodibuwa, intanet ya raunana a ƙasashe da dama na yammacin Afirka, gyara ya ɗauki makonni. Irin wannan rana tana nuna cewa wurin da ya dace da shafi ya danganta da masu karanta shi: mairi mai yi wa mutanen gari hidima tana da hujjar son na'ura a cikin ƙasa, mai neman masu saye a Istambul kuwa ya fi bukatar shafinsa ya kasance inda su za su same shi ko da layin Yamai ya tsinke.

Ga ma'aikatan gwamnati maganar ta fi nauyi, domin abin da suke ajiyewa ba nasu ba ne. An saba ganin shafin wata ma'aikata ko wani shiri na masu tallafi an ba ɗan wani ko ƙanen wani, an yi bikin buɗewa da jawabai, sunan kuma an rubuta shi da imel ɗin wani ma'aikaci guda. Bayan shekara biyu an canza masa wurin aiki, shirin ya ƙare, babu layi a kasafin kuɗɗi na biyan haya, shafin ya mutu da rahotanni da ƙididdigar da aka kashe miliyoyi wajen tattarawa. Alhali tun 1996 Nijar ke da alamarta ta .ne, kuma hukumomin gwamnati suna da gurbinsu na gouv.ne, wanda ya fi dacewa da su bisa sunan da wani ya yi wa rajista a ƙetare da katin bankinsa. Ban da haka, tun 2017 ƙasar ke da dokar kare bayanan mutane, wadda aka sabunta a 2022, aka kuma kafa hukumar HAPDP don sa ido a kai. Alhakin tsare bayanan yana wuyan wanda ya tattara su. Daraktan asibiti ko na lakwal da sunayen mutane suka fita daga hannunsa ba zai wanke kansa da cewa wani yaro ya ba ajiya ba.

In abin ya lalace, kotu fa? Da farko sai an san wa za a kai. Kamfanin da ba shi da lambar RCCM, ba shi da NIF, ba a yi wata yarjejeniya a rubuce da shi ba, tambari ne kawai da lambar WhatsApp. Ko yana da su, in aka kai ga raba dukiyar kamfanin da ya karye, dokar OHADA ta sa mai bin bashi marar jingina a ƙarshen layi, bayan kuɗɗin shari'a da albashin ma'aikata da masu jingina, dukiyar kuwa teburi biyu ce da kwamfutar hannu. Kuma alƙali yana iya yanke diyya, amma ba shi da hukuncin da zai dawo da wasiƙun da aka share.

Duk da haka ɗan kasuwa yana iya hulɗa da waɗannan samari, ya taimaki ɗan ƙasa, ba tare da ya kwana da fargaba ba, in ya riƙe abu biyu a hannunsa. Na farko sunan: a rubuta shi da sunan kamfani ko na mai kamfani, da adireshin imel wanda shi ke buɗewa kuma wanda ba ya rataye da sunan kansa, ya karɓi kalmar sirrin wurin rajistar tun ranar biya. Ga sunaye irin su .com, ƙa'idar ICANN ta ce in mai suna ya nemi lambar ƙaura zuwa wani kamfani, dole a ba shi cikin kwana 5. Mai masaukin da ya fara kame-kame da an ambaci wannan lamba ya riga ya bada amsa. Na biyu kwafin: duk wata, ko duk mako in ana ciniki ta shafin, a sauko da komai a zuba a faifan ajiya, a sa shi inda ake sa takardun fili da na duwan, kuma sau ɗaya a shekara a ba wani dabam ya gwada tada shafin daga gare shi. Saurayin da ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan sharuɗɗa, sau da yawa ma shi ke fara kawo su, ya kuma faɗi sunan kamfanin da yake haya wurinsa da ƙasar da na'urar take ba tare da an matsa masa ba. Biyan shekara uku gaba don samun rangwame kuwa, ga kamfanin da bai shekara uku da buɗewa ba, bashi ne aka ba shi babu shaida.

Wanda ya riga ya biya tun bara, bai kuma san matsayinsa ba, yana iya farawa da abu mai sauƙi. ICANN tana da shafin bincike na kyauta inda ake rubuta suna a ga kamfanin da ya yi masa rajista da ranar ƙarewarsa. Tun 2018, saboda dokar sirri ta Turai, galibi ana ɓoye sunan mai shi, don haka wannan sai an nemi saurayin ya buɗe rajistar a gaban mutum ya gani da idonsa. Amma ranar ƙarewa a fili take. Sakataren kanti ko na biro ya rubuta ta a littafin da ake rubuta ranar patanti da asiransin mota, ya sa alama wata biyu kafin ta, domin tunatarwar farko sai saura wata guda take zuwa, wata guda kuwa ba ya isar mai son canza masauki in ya iske saurayin ya yi tafiya kuma wayarsa a kashe.